Babi na Bakwai: Ginshiƙan Girkawa a Ƙofar Gidajen Gusau

Duk wanda ya zagaya GRA ta Gusau, ko ya bi titi zuwa Tsafe yana kallon sababbin gidaje, zai ga dogayen filoli farare a ƙofar shiga, kawunansu cike da ganyen siminti. Tambayi magini, zai ce maka ai na Romawa ne. Ina! Na Girkawa ne, tun fiye da shekara 2,400 da suka wuce. Romawa ara suka yi, suka ƙara gishiri.

Salon iri uku ne. Dorik kakkaura ne, kansa ba ado. Ayonik siriri ne, da naɗi biyu a ka. Na Korinti shi ne mai ganye, shi ne kuma ya mamaye gidajen masu hali a nan. Vitruvius, wani masanin gini ɗan Roma, ya ba da labarin asalinsa. Wai wata budurwa ce ta rasu a birnin Korinti, mai renonta ta tattara 'yan kayan da yarinyar take so a kwando, ta ajiye a kan kabarin, ta danne da faifan laka don kada ruwa ya ɓata su. Ashe kwandon a kan saiwar wata ciyawa mai faɗin ganye ya zauna. Da ta tofo, ganyen ya lulluɓe kwandon, ya tarar da murfi, ya lanƙwaso ƙasa. Wani gwanin sassaƙa mai suna Kalimakos ya zo wucewa, ya tsaya, ya kwaikwaya a dutse. Ko da ƙirƙira ce, labarin ya zauna daram: Alhaji ya kafa adon kabari a ƙofar gidansa bai sani ba.

Amma ni Dorik ne gwanina, saboda Partenon, haikalin da ke kan tudun Akropolis a Atina. An fara shi a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kammala a 432. Ginshiƙai 46 ne suka kewaye shi, takwas a gaba, 17 a gefe, kowanne ya ɗan haura mita 10. Guntayen marmara ne aka ɗora wani kan wani, ba siminti, ba kwaɓi, aka goge fuskokinsu har suka manne. Abin da ya fi ɗaure min kai, babu ginshiƙin da ya miƙe sambal. Kowanne yana da ɗan ciki wajen tsakiya, dukansu kuma sun ɗan karkata ciki, daɓen da suke kai ma ya ɗan tasa a tsakiya. Da gangan aka yi, don ginin ya cika ido daga nesa. Filar da aka zuba a mazubi aka manna a jikin rodi ba ta san wannan ba, nauyin rufi ma sau da yawa ba ita ke ɗauka ba.

Sai batun fari. Wa ya ce haikalin Girkawa fari ne fat? Sun shafe samansa da ja da shuɗi. Rana da ruwa ne suka wanke. Kuma ba wurin taruwar masu ibada ba ne: gunki ne a ciki, yanka a waje ake yi. Daga baya Partenon ya zama coci, Turkawan Usmaniyya suka mai da shi masallaci, a 1687 kuma harsashin sojojin Benis ya faɗa kan albarushin da aka tara a ciki, ya tarwatsa shi.

Dandalin wasannin Girkawa kuwa ba sai na ja ba: gangaren tudu suke sassaƙawa matakala-matakala, kamar a ce an yanka kujeru a jikin dutsen Kwatarkwashi. Na Efidauros yana ɗaukar mutum kusan 14,000.

Inda Girkawa suka gaza shi ne rufi. Dogon dutse suke gittawa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, in tazara ta yi yawa ya karye, shi ya sa filoli suka yi musu yawa. Shi kuwa Babban Gwani Muhammadu Durugu, da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, da azara da laka ya ɗaura bakan gizo ya tsallake wannan tazarar.