Abin da Ke Saura a Ƙwaƙwalwa Bayan An Kammala Wasan Bidiyo

Mai'adua gari ne da ke arewa da Daura, a bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma an fi saninsa da babbar kasuwar dabbobi da ke ci ranar Lahadi, inda fatake daga Damagaram da sauran sassan Nijar kan haɗu da dillalan Kano da na kudu. Amma idan la'asar ta yi sanyi, ƙurar kasuwa ta lafa, akwai wani taro na dabam da ba a cika lura da shi ba. Kamar yadda yake a garuruwan ƙasar Hausa da yawa, samari kan taru a shagon da suke kira gidan gem, inda akwai akwatin talabijin da na'urar PlayStation da benci da ɗan janareto yana ruri a bakin ƙofa. Wasu kuma ba su buƙatar shago, domin wayar hannu ta wadatar da su.

Ba wasan kansa ne abin dubawa a nan ba, hirar da ke biyo bayansa ce. Idan saurayi ya kai ƙarshen wani wasa mai dogon labari, wanda wataƙila ya ɗauke shi mako uku ko wata guda, abu na farko da yakan yi shi ne neman wanda shi ma ya gama shi, su zauna su yi masa hukunci. Sau da yawa sai a ji ɗaya yana rantsuwa cewa bai taɓa ganin wasa mai daɗinsa ba, ɗayan kuma yana cewa asarar kuɗi kawai ya yi. Faifai ɗaya suka saka, labari ɗaya suka bi, abokan gaba ɗaya suka yaƙa. To, daga ina saɓanin ya taso? Amsar da ke kusa ita ce kowa da irin abin da yake so, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai masana halayyar ɗan'adam sun gano wani dalili da ya fi wannan zurfi, wato cewa abin da mutum ya ji a lokacin da abu ke faruwa dabam ne, abin da ya tuna bayan ya wuce kuma dabam.

Gwajin Ruwan Sanyi

A shekarar 1993 wani masani mai suna Daniel Kahneman, wanda daga baya ya sami lambar yabo ta Nobel a 2002, shi da abokan aikinsa uku suka buga sakamakon wani gwaji mai sauƙin fahimta. Sun sa mutane su tsoma hannu cikin ruwan sanyi mai digiri 14 a ma'aunin Salshiyos har tsawon sakan 60. Ruwa mai wannan sanyi yana sa hannu zogi, ko da yake ba ya cutarwa. A wani zagayen kuma sai aka sa su tsoma ɗaya hannun cikin ruwa mai sanyi iri ɗaya na sakan 60, amma maimakon a ce su cire, sai aka bar su na ƙarin sakan 30, ana ɗan ɗumama ruwan a ɓoye har ya kai digiri 15. Daga nan aka tambaye su wanne daga cikin biyun suka zaɓa a maimaita musu.

A lissafin hankali babu abin tunani a nan. Zagaye na biyu ya ƙunshi dukkan wahalar na farko, da ƙarin rabin minti na wata wahalar a kai. Duk da haka mafi yawan mutanen na biyun suka zaɓa, saboda ya ƙare da ɗan sauƙi. Bayan shekara uku, Kahneman da wani likita mai suna Donald Redelmeier suka sami irin wannan sakamako a wurin majinyata 154 da aka yi wa binciken hanji mai ciwo a birnin Toronto na Kanada: tsawon lokacin da aikin ya ɗauka bai yi wani tasiri ba a kan yadda suka tuna da shi.

Abin da aka fahimta daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne ƙwaƙwalwa ba ta tara kowane minti ta haɗa jimla kamar mai ƙirga kuɗin ciniki. Abubuwa biyu take riƙewa ta gina hukunci a kansu: lokacin da abin ya kai maƙura, na daɗi ko na wuya, da kuma yadda ya ƙare. Tsawon lokaci kuwa, kusan watsi take yi da shi. Wannan shi ake kira ƙa'idar ƙololuwa da ƙarshe.

Mutanen Daura ba su buƙatar dogon bayani kafin su gane wannan. Labarin Bayajidda doguwar tafiya ce, daga Bagadaza zuwa Barno, zuwa Biram ta Gabas, zuwa Gaya inda maƙera suka ƙera masa makami. Amma a tambayi yaro ko babba abin da ya riƙe, zai ce daren da baƙo ya je rijiyar Kusugu ya sare kan macijiya, sai kuma aurensa da Daurama. Tafiyar shekaru ta taƙaita a cikin jimla biyu.

Yadda Abin Yake a Gidan Gem

Idan aka saurari hirar samari da wannan ƙa'ida a zuciya, sai a ga tana aiki a fili. Alal misali, wasan Grand Theft Auto: San Andreas, wanda ya fito a 2004 kuma ya daɗe yana tashe a kan PlayStation 2, yana ɗaukar awoyi masu yawa kafin a kai ƙarshensa, kuma kaso mai tsoka na waɗannan awoyi tuƙi ne kawai daga wannan unguwa zuwa waccan. Babu mai ba da labarin tuƙin. Abin da ake ta maimaitawa shi ne aikin nan na bin jirgin ƙasa a kan babur, wanda ya sa 'yan wasa da yawa a duniya suka yi ta faɗuwa suna sakewa, da kuma artabun ƙarshe. Wanda ya ci wancan aiki bayan faɗuwa goma zai tuna da shi a matsayin nasara mai daɗi. Wanda ya gaji ya miƙa wa abokinsa ya tsallakar da shi zai tuna da shi a matsayin takaici. Ga saɓani ya samu tun kafin a zo maganar ra'ayi.

Wasannin ƙwallon ƙafa, irin su Pro Evolution Soccer na kamfanin Konami, wanda aka sauya wa suna zuwa eFootball a 2021, ba su da labarin da za a kammala, amma kowace karawa tana da nata ƙarshen. Saurayin da ya mamaye wasa tun daga farko, sannan aka zura masa ƙwallo a minti na 90, zai tashi yana cewa wasan bai yi ba, na'urar ma tana da son kai. Wanda aka wahalar da shi, ya farke a ƙurarren lokaci, shi ne zai yi ta ba da labari har dare.

Akwai kuma wani nau'in ƙarshe da ya zama ruwan dare a inda wutar lantarki ba ta da tabbas. Mutum yana tsakiyar karawa da babban abokin gaba na ƙarshe, sai wuta ta ɗauke ko man janareto ya ƙare, alhali bai adana inda ya kai ba. Zai ce an ɓata masa wasan gaba ɗaya. A haƙiƙa awa biyun da ya yi yana jin daɗi sun riga sun faru, babu abin da zai soke su. Abin da ya ɓaci shi ne tunawa da su.

Kamfanonin da ke ƙirƙirar wasanni sun ɗanɗana wannan da kansu. A watan Maris na 2012 kamfanin BioWare na Kanada ya fitar da Mass Effect 3, kashi na ƙarshe na labarin da aka fara tun 2007. Masu sharhi sun yaba da wasan, amma mintocinsa na ƙarshe sun fusata ɗimbin 'yan wasa, waɗanda suka ga cewa shawarwarin da suka yi ta yankewa cikin shekara biyar ba su sauya komai sosai ba. Ƙorafin ya yi yawa har kamfanin ya fitar da ƙarin bayani ga ƙarshen labarin kyauta a watan Yuni na shekarar. Mintoci kaɗan sun rinjayi awoyi da dama.

Me ke sa wani lokaci ya zama ƙololuwa? A nan ilmin ƙwaƙwalwa yana da abin cewa. Akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda wasu ƙwayoyin jijiya ke fitarwa don isar da saƙo ga 'yan'uwansu. Binciken da Wolfram Schultz ya yi a kan birai a Jami'ar Fribourg ta ƙasar Suwizalan ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi sun fi motsawa idan lada ya zo ba zato, ko ya fi yadda aka zata. Idan kuwa an sa rai sannan bai zo ba, sai aikinsu ya ragu ƙasa da yadda ya saba. A 1998 kuma masu bincike a asibitin Hammersmith da ke Landan suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mutum takwas suna wasan tuƙa tankar yaƙi a kwamfuta don samun kuɗi, suka ga alamar fitar dofamin a sashen da ke kula da lada da motsi. Mutum takwas ba su da yawa, kuma bai kamata a ɗora wa sinadari ɗaya bayanin duk abin da ake kira jin daɗi ba. Amma sakamakon ya dace da abin da ake gani: nasarar da aka tabbatar da ita tun farko ba ta zama labari, wadda aka fitar da rai da ita ce ke zama.

Hira Tana Sake Gina Labari

Saura wani mataki. Abin da mutum ya riƙe ba ya zama yadda yake bayan ya shiga bakin jama'a. Tun a 1932 Frederic Bartlett na Jami'ar Kambirij ya nuna cewa tunawa ba karanta rubutaccen abu ba ce, sake ginawa ce. Ya ba ɗalibai wata tatsuniya ta mutanen asalin Amurka ta Arewa, ya sa su maimaita ta bayan kwanaki da watanni, sai ya ga kowane maimaici yana gajarta ta, yana zubar da abin da ya yi masa baƙo, yana cike gurbi da abin da ya saba da shi. A 2003 Fiona Gabbert da abokan aikinta a Jami'ar Aberdeen ta Sikotilan suka nuna wa mutane biyu-biyu bidiyon abu ɗaya da aka ɗauka ta kusurwa dabam-dabam ba tare da sun sani ba, sannan aka bar su su tattauna. Da aka tambayi kowa shi kaɗai, kashi 71 cikin ɗari sun ambaci abubuwan da ba su gani da idonsu ba, daga bakin abokin hira suka ji su.

Ke nan idan samari biyar suka zauna a kan benci suna tantance wasan da suka gama, ba rahoto biyar masu zaman kansu ake ji ba. Wanda ya fi iya magana, ko wanda aka fi ganin girmansa a wasa, yakan shimfiɗa hanya, saura su daidaita tunaninsu da nasa. Bayan mako guda, wanda ya tashi da shakka zai iya zama mai kare wasan da gaske, ba don munafunci ba, sai don abin da yake tunawa ya riga ya sauya. Haka dattawa masu dara suke yi a gindin bishiya: wasan da aka yi shiru ana yinsa, a bakin 'yan kallo yake samun siffarsa ta ƙarshe.

Wannan duka zai zama abin sha'awa kawai da a ce a hira yake tsayawa. Amma tunawa ita ke yanke shawarar gobe. Ita ke cewa a koma shago, a sayi wani faifan, a ƙara sayen data. Tun da kuwa ba ta lissafa tsawon lokaci, saurayin da ya ce ya ɗan taɓa wasa jiya ba lallai ne ƙarya yake yi wa mahaifinsa ba. Awa huɗu ne suka naɗe a kansa suka zama ƙwallo biyu da bugun fanareti ɗaya. Masu ƙirƙirar wasannin waya da ake saukewa kyauta sun san amfanin wannan, shi ya sa karawa takan ƙare da kyauta da kiɗa da walƙiya, ko da an sha kashi.

Bai dace a zuzuta matsalar ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya larurar wasan bidiyo cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a watan Janairu na 2022, amma ta gindaya sharuɗɗa masu tsauri: mutum ya kasa sarrafa wasansa, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani, kuma a al'ada sai hakan ya kai wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne daga cikin masu wasa abin ke shafa. Ga mafi yawan samari, maganar ba ta wuce ta lokacin karatu, ko na taya aiki ranar kasuwa, ko kuɗin da ke zurarewa kaɗan-kaɗan ba.

Inda ƙwaƙwalwa ta gaza, ma'auni na waje yana aiki. Tun daga 2018 manyan tsare-tsaren wayar hannu biyu, Android da na iPhone, suka zo da wurin da ke nuna minti nawa aka yi a kan kowace manhaja a rana da mako. A gidan gem kuwa ma'aunin ya fi wannan tsufa: mai shago yana ƙirga karawa ɗaya bayan ɗaya, domin a kanta ake biyansa, kuma adadin da ya faɗa idan an zo tashi yakan fi wanda ɗan wasa ke riƙe da shi a ka.