Wane Ne Mai Tsaya Wa Wani? Asalin Wata Kalma Da Ta Cika Yola

Duk wanda ya saba zama a majalisun hira na Wuro Hausa a Yola, ko ofisoshin Jimeta, ba zai rasa jin wata kalmar Turanci a bakin 'yan boko ba, watau advocacy. Lauya na faɗinta, ma'aikacin ƙungiyar agaji ma haka, amma ba abu guda suke nufi ba. Shin ina kalmar ta samo asali, kuma me Bahaushe ke kiranta?

Tushenta harshen Latin ne na mutanen Rum ta dā, inda ad ke nufin "zuwa", vocare kuma "kira". Saboda haka advocatus shi ne wanda aka kira ya zo ya tsaya kusa da mai shari'a. Da fari ba sana'a ba ce, taimako ne irin na aboki ko ubangida, har ma wata doka ta shekara ta 204 kafin haihuwar Annabi Isa ta hana karɓar lada a kansa. Daga Faransanci kalmar ta shiga Turanci a ƙarni na 14, shi ya sa har yau a Garwa ta Kamaru, maƙwabciyar Yola, ake ce wa lauya avoka.

Bahaushe kuwa bai jira Bature ba kafin ya san wannan aiki. Tuni ya aro "wakili" daga Larabci, domin fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Yola ke hukunci da shi tun zamanin Modibbo Adama da ya kafa garin a 1841, ya yarda mutum ya wakilta wani ya yi masa husuma a gaban alƙali. A zamanin mulkin mallaka an hana lauyoyi shiga kotunan alƙalai, don haka wakili ne gatan wanda bai iya baki ba. Ita "lauya" baƙuwa ce daga Turanci, kuma sana'ar ta yi jinkirin isowa: Sapara Williams ya zama lauyan Nijeriya na farko a 1879, amma sai a 1955 Arewa ta sami nata, Alhaji Abdulganiyu Abdulrazaq. A 1975 aka fara ba da muƙamin Babban Lauyan Nijeriya, wanda sunansa na Turanci ke ɗauke da wannan kalma ta Rum. Yanzu ga reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya a Yola kanta.

To, amma kalmar ba ta tsaya a kotu ba. Da 'yan Boko Haram suka kama Mubi a watan Oktoba na 2014, dubban 'yan gudun hijira suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a sansani, da yawa a gidajen dangi. Malamai da limaman coci da ƙungiyoyi suka yi ta kai kukansu ga hukuma. Nan ma'ana ta biyu ta bayyana, wadda Hausa ke kira fafutuka, ko kare haƙƙi, ko neman goyon baya. Ba ta bukatar rigar lauya; mai unguwar da ya je ya yi wa jama'arsa maganar rijiyar burtsatse, shi ma aikin yake yi.

Sanin bambancin nan yana da amfani. Talakan da ya zaci sai mai kuɗi ke samun mai tsaya masa, shiru zai yi a cuce shi, alhali tun 1976 gwamnati ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a domin marasa hali. Haka nan asalin kalmar ma'auni ne ga duk mai da'awar magana da yawun jama'a. Advocatus kiransa ake yi, ba ya naɗa kansa, kamar yadda wakalci ba ya inganta sai da izinin mai haƙƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka idan wani ya tashi a taro ya ce yana magana da bakin manoman gaɓar Binuwai, ko zawarawan Wuro Hausa, ya kamata a fara tambayarsa: wa ya kira ka, kuma me ya aiko ka ka faɗa?