Garin insayim ba ya kashe gubar angurya

Tun makon jiya wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp tsakanin masu kiwon alade na Kafanchan da Zonkwa. Goggona ma ta turo mini, tana murna. Mai maganar ya ce a daina sayen waken suya, a cika wa aladu ƙuliƙulin angurya, a barbaɗa garin insayim da furobayotik, gubar ta mutu.

Cewa angurya tana da araha da furotin, gaskiya ne. Cewa da wasu ke yi tana sa nama ɗaci, zancen banza ne.

Abin da ke kashe dabba shi ne gubar. Angurya na ɗauke da guba mai suna gosifol. Babbar saniya tana jure shi, don a tumbinta ake ɗaure shi kafin ya shiga jini. Alade ba shi da tumbi irin wannan. Gubar takan taru a jikinsa a hankali, sai bayan makonni ya rage ci, ya kama haki, ruwa ya taru a huhu, zuciya ta gaza. Shi ya sa mai cewa "na ba nawa kwana goma, lafiya lau" bai ga komai ba tukuna. Ƙanana ne ke fara mutuwa.

Insayim yana da aikinsa: fayitas na sakin fosfaras, zayilanas na taimaka wa narkar da ɓawo. Babu ɗaya daga cikinsu da ke taɓa gosifol. Gwaje-gwajen da suka rage gubar, tsima anguryar aka yi na kwanaki da zaɓaɓɓen yis ko baktiriya, aka kuma auna abin da ya rage. Barbaɗa gari a kwano wani abu ne daban.

Ma'aunin da aka daɗe ana bi shi ne kada sakakken gosifol ya wuce miligiram 100 a kilo guda na abincin alade. Sinadarin ƙarfe na feros salfet yana ɗaure shi, amma likitan dabbobi ne zai ƙayyade adadin. Angurya kuma tana da ƙarancin laisin, don haka sirki za ta zama, kaɗan, ga manyan aladu kawai.

Ban ga laifin Goggo ba. Tsadar abinci ta isa ta sa mutum neman mafita. Amma wanda ya naɗi muryar nan bai auna komai ba, kuma ba shi zai haƙa ramin 'yan aladunta ba. Na kira ta, na ce ta janye anguryar daga gaban ƙananan tun yau.