Wutar Itace a Ƙarƙashin Hanya: Yadda Ake Narkar da Dusar Ƙanƙara a Gangare

A arewacin Amurka da ƙasar Kanada, inda hunturu yake zuwa da dusar ƙanƙara har ta binne shinge da ƙofa, mutumin da Allah ya sa gidansa yake bisa tudu yana da wata jarrabawa wadda mazaunin fili bai san ta ba, domin 'yar hanyar da ta taso daga titi zuwa garejinsa, idan dusa ta kwanta mata, tayoyi suka danne ta, sanyin dare ya daskarar da ita, sai ta zama santsi tsantsa wanda birki ba ya da hukunci a kansa. Shebur yana gajiyar da tsoho, gishirin da ake barbaɗawa yana cin siminti da ƙarfen mota, ƙarfinsa kuma yana raguwa ƙwarai in sanyi ya tsananta. Saboda haka waɗansu masu gandun daji, waɗanda itace bai yi musu tsada ba, suka ɗauki dabarar ɗumama hanyar daga ƙarƙashinta.

Asalin hikimar ba sabuwa ba ce. Tun 1948 aka binne bututu a wani titi na garin Klamath Falls a jihar Oregon, ana ɗumama shi da zafin da ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, garin Holland na jihar Mishigan kuwa ya fara narkar da dusar tsakiyar kasuwarsa a 1988 da ragowar ruwan zafi na tashar lantarki. Abin da mai gida ya ƙara shi ne murhun itace: wata tukunyar ƙarfe ce da ake girkawa a waje, nesa kaɗan da gida, ruwa yana kewaye da ɗakin wutarta, yana kai wa kamar digiri 80, famfo yana tura shi ta bututun da aka binne.

Sharaɗi na farko, ruwan murhu ba ya shiga ƙarƙashin hanya, don kuwa ranar da wuta ta mutu zai daskare ya fasa bututun, a wurin da babu mai iya kai hannu sai ya farfasa daɓen. Abin da ke zagayawa a can ruwa ne da aka gauraya da gilaikol, ɗan'uwan maganin da direbobi ke zubawa a lagireto, kuma ruwayen nan biyu suna gamuwa ne a cikin wani akwati mai jerin faranti na ƙarfe, inda zafi yake ƙetarawa daga ɗaya zuwa ɗaya alhali ba su cakuɗu ba. Wajibi ne kuma a sa bawul mai sirka ruwan, saboda dalili biyu: siminti mai sanyi yana tsagewa idan zafi ya afka masa farat ɗaya, murhun kuma, idan ruwan da ke komowa gare shi ya sauka ƙasa da digiri 60, gumi da baƙin kwalta suna taruwa a cikinsa, su ci ƙarfen.

Aikin shimfiɗawa shi ne inda magini da mai aikin famfo suke nuna gwanintarsu. Bayan an daddaɓe tsakuwa, sai a jera allunan kumfa mai tauri, kaurin santimita 5, don kada zafin ya tsiyaye cikin ƙasa a banza. A bisansu ake ɗaure ragar rodi, sannan a bi ta da bututun roba mai lanƙwasuwa da ake kira PEX, ana kai da komo da shi, tazarar santimita 15 zuwa 23 tsakanin layi da layi, ana ƙulle shi da ragar taku bayan taku, kowane zagaye bai wuce kamar mita 90 ba, don kada ruwan ya huce kafin ya kai ƙarshe. Ranar zubin siminti ana cika bututun da iska a maƙala masa agogon matsi, mutum guda kuma ba shi da aiki sai duban allurar agogon nan, domin idan bakin shebur ya huda wani wuri, allurar za ta faɗi tun kwaɓin yana ɗanye, a tono a gyara. A gangare lalle kwaɓin ya yi kauri, in ba haka ba ya malale ƙasa ya bar bututun sama a fili, daga bisani a ja tsintsiya a kan fuskar daɓen ta bar zane-zanen da taya za ta kama.

Mas'alar da ta fi ruɗar mutane ita ce yawan zafin da aikin yake ci. Zafin da zai narkar da kilo 1 na ƙanƙara, shi ne daidai wanda zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa 80, ban da wanda iska take sacewa, ban da wanda daɓen kansa yake sha sa'o'i kafin fuskarsa ta wuce daskarewa. In aka ƙaddara wat 400 ga kowace murabba'in mita, hanya mai murabba'i 100 tana neman kilowat 40, wanda ya zarce bukatar matsakaicin gida dukansa, kuma a daren da gidan ya fi muhtajar ɗumi. Murhun itace kuwa ba ya cika kansa. Sai mai gida ya saurari labarin yanayi, ya fita cikin sanyi ya loda busasshen faskare tun dusa ba ta sauko ba. Ɗanyen itace hayaƙi yake yi ya cutar da maƙwabta, abin da ya sa hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa wa sababbin murahun nan ƙa'idar hayaƙi a 2015, ta ƙara tsananta ta a 2020. A ganina ɗumama faɗin hanya baki ɗaya israfi ne ga mafi yawan gidaje, alhali layi biyu, kowanne faɗin santimita 60 daidai sawun taya, suna biyan bukatar hawa da sauka da kusan sulusin itacen.

Saura batun da ya fi kowanne haɗari, wanda kuma aka fi mancewa da shi. Dusar da ta narke ruwa ce, ruwa kuwa gangarowa yake yi har ya isa inda bututu ya ƙare, nan ya sake daskarewa a bakin titin jama'a, daidai wurin da mota take bukatar tsayawa, ya zama mai gida ya kawar da cuta daga ƙofarsa ya ɗora ta a kan masu wucewa, wanda haƙƙi ne babba. Don haka ake yanka magudana mai murfin raga a gindin gangaren, a bi ta da zagaye ɗaya na bututun ɗumi, a kai bakinta can ƙasa, zurfin da sanyin hunturu ba ya isa.