Neman Alamomin Ciwon Daji a Cikin Furotin na Jini

Ciwon daji cuta ce mai ɓarna a ɓoye, domin sau da yawa ba a gane ta sai ta riga ta yi nisa. Wannan ne ya sa masana suka daɗe suna neman wata alama a jini ko fitsari da za ta tona asirinta da wuri. Akasarin irin waɗannan alamomi furotin ne, wato sinadaran da ƙwayoyin jiki ke ƙerawa don gudanar da ayyukansu. Idan ƙwaya ta rikiɗe ta zama ta daji, takan sauya irin furotin da take samarwa ko yawansa, wani kuma yakan tsiyaya cikin jini.

A da, ɗaya bayan ɗaya ake gano su. A 1963 Garry Abelev na Tarayyar Sobiyet ya sami furotin da ake kira AFP a jinin ɓeraye masu dajin hanta. Har yau likitoci na auna shi wajen bin diddigin wannan cuta, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma saboda ciwon hanta nau'in B da gubar funfunar da ke kama gyaɗa da masara.

Sabon salon kuwa shi ne a nazarci dubban furotin a lokaci guda, fannin da ake kira furotiyomik. Sunan ya samo asali daga kalmar da Marc Wilkins na Ostiraliya ya ƙirƙiro a 1994. Ana ɗiban jini, a daddatsa furotin ɗin da ke ciki da sinadarin tirifsin, sa'an nan a zuba gutsattsarin cikin na'urar da ke auna nauyin kowannensu. Daga nauyin ne kwamfuta ke gano furotin da kowane gutsure ya fito. Bayan haka sai a kwatanta sakamakon marasa lafiya da na masu lafiya.

To amma aikin na da tarko. Furotin guda ɗaya, albumin, shi ne kusan rabin furotin na ruwan jini, yakan kuma danne ƙananan da ake nema. Sa'an nan ba kowane bambanci ne cuta ke haddasa shi ba. A 2002 mujallar Lancet ta buga binciken Petricoin da Liotta na Amurka, wanda ya ce ya gane dukkan mata 50 masu dajin jakar ƙwai, ya kuma wanke 63 daga cikin 66 da ba su da shi. A 2004 Keith Baggerly da abokan aikinsa suka sake tantance alƙaluman, suka nuna cewa bambancin na iya tasowa daga yadda aka sarrafa jinin a ɗakin gwaji.

Tun daga nan aka ƙara tsananta sharuɗɗa: a ɗibi jinin kowa, a adana shi, a auna shi ta hanya ɗaya, kuma a maimaita gwajin a kan wasu mutane dabam. Gwajin OVA1, mai haɗa furotin 5, ya sami izinin hukumar magunguna ta Amurka a 2009. Amfaninsa shi ne taimaka wa likita ya san ko matar da za a yi wa tiyatar ƙari tana bukatar ƙwararren likitan daji. Ba a amince a yi amfani da shi wajen tantance mata masu lafiya ba.