Soyayya da Kisa a Libreville ta Zamanin Turawa

A 1932 marubucin Beljiyam Georges Simenon ya zaga Afirka, ya yada zango a Libreville, wadda a lokacin ƙaramin gari ce a bakin teku, Turawanta kowa ya san sirrin kowa. Shekara guda bayan haka ya fitar da littafin Le Coup de lune.

Labarin wani saurayi ne Bafaranshe, Joseph Timar, da ya zo neman arziki, sai son Adèle, matar mai otal, ya kama shi. Ana cikin haka aka tsinci gawar Thomas, yaron otal ɗin, an harbe shi. Mai karatu yana zargin Adèle tun da wuri. Abin da ke hana shi ajiye littafin shi ne ganin yadda Turawan garin suka haɗa baki suka rufa mata asiri, aka ɗora laifin kan baƙar fatar da bai ji ba bai gani ba. Nan ne ƙarfin littafin yake, domin ya tona asirin shari'ar mulkin mallaka.

Wata mai otal a Libreville ta kai Simenon kotu, tana cewa da ita yake, amma ba ta yi nasara ba. A 1983 Serge Gainsbourg ya mai da labarin fim mai suna Équateur.