Mai yasar masai da littafin Ramazzini

 

Yau zancen littattafan likitanci ne. Duk ɗalibin likita ya san sunan Vesalius, wanda a 1543 ya fitar da littafin zanen gaɓoɓin ɗan Adam, ƙashi da tsoka da jijiya. A nan gida ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan ciwon ido da basur. To, amma wanda ya riƙe ni shi ne wani likitan Italiya, Bernardino Ramazzini.

A Modena, garin da yake zaune, a wancan zamanin duk bayan shekara uku ake yashe masai. Ranar da aka zo gidan likitan, sai ya ga mutumin da ke cikin ramin yana aiki da gaggawa, babu ko ɗaga kai. Ya tambaye shi dalili. Mutumin ya ɗago, idanunsa jajur, ya ce wanda ya wuce awa huɗu a ciki, makanta yake nema. Idan ya gama, ɗaki mai duhu yake shigewa, yana wanke ido da ruwan ɗumi har gobe. Likita ya bincika, sai ga tsofaffin masu wannan sana'a suna bara a gari, sun makance.

Mai yasar masai fa, jama'a! Shi ya sa babban malami ya bar kujerarsa ya riƙa bin maƙera, da majema, da masaƙa, da masu fasa dutse, har wuraren aikinsu. A 1700 ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a, ya faɗaɗa shi a 1713, sana'o'i sama da 50. Har ma'auna hatsi suna ciki, saboda ƙurar da ke sa su tari da sarƙewar numfashi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen sussukar dawa ko injin niƙa ya san wannan ƙaiƙayin.

Shawararsa ga likitoci guda ce: a tambayi mara lafiya sana'arsa. A ganina har yau ba a cika tambaya ba.

 Manomi ɗan'uwa, idan ka je asibiti da tari ko ciwon ido, ko ba a tambaye ka ba, ka faɗi aikin da kake yi.